Hadarin da ya wuce ta Yawuri, ina ya kwana?

Wata la'asar ta tsakiyar marka ina zaune da kawuna a bakin ruwa a Yawuri, yana ɗinkin koma ina taya shi hira, sai gabas ta haɗe. Hadari baƙi ƙirin, gindinsa a miƙe kamar an ja zare. Mata masu bandar kifi suka shiga kwashe kaya, yara suka janyo jirage gaɓa suna ɗaurewa. Kawu ko gezau. Ya dubi sama, ya dubi fuskar ruwa, ya ce, "Zamna ɗana, wanga ba namu na ba. Iska za mu sha, ruwan na mutanen gaba na." Haka kuwa aka yi. Iska ta taso ta yi ta gwara jirage da juna, aka yi ɗan yayyafin da bai jiƙa riga ba, hadari ya ƙetare gulbi ya yi yamma yana rugugi.

Mutanen gaba a wurin kawu su ne na Bargu, in an matsa a ce ƙasar Binin. Ni kuwa da na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, maganar ta tsaya mini a rai, domin gaban nan ya fi nisan da yake zato. Akwai mutanen da ke zaune a tsakiyar teku, dubban kilomita daga nan, waɗanda daga Yuni zuwa Nuwamba kunnensu na kan abin da ya baro ƙasarmu. Su ne mazauna tsibiran Karibiyan, irin su Barbados da Dominika da Jamaika da Fuwato Riko da Bahamas, sai kuma na kusa da mu, mutanen Kabo Berde, tsibirai goma da ke kamar kilomita 570 yamma da gaɓar Senigal.

Kafin a je ga guguwa, a fara da ranar da ba komai. Wanda ya karanta sanarwar yanayi ta ɗaya daga cikin tsibiran nan kwana bakwai a jere zai ce ma'aikatan can albashin banza suke ci. Kullum magana ɗaya: rana da gajimare jefi-jefi, yayyafi nan da can, iska daga gabas, zafi digiri 30 ko 31 da rana, 24 ko 25 da dare. A irin su Barbados da Jamaika, tsakanin Janairu da Agusta bambancin bai wuce digiri biyu zuwa uku ba. Mu da muka san Afrilun Birnin Kebbi da ma'auni ke haura 40, muka kuma san asubar hunturu da ake kewaye wuta ana jin ɗumi, abin zai yi mana banbaraƙwai. Sirrin a ruwa yake. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa. Duk wanda ya taɓa shiga gulbi da sassafe a lokacin ɗari ya san ruwan ya fi iskar waje ɗumi. To teku ce ta kewaye tsibiri ta riƙe masa zafinsa wuri ɗaya. Shi ya sa su ba zafi suke nema a sanarwa ba. Abin da suke kasa kunne su ji shi ne a wane gefe ruwan zai sauka, da wane lokaci, kuma yau teku za ta shigu ko a'a.

Maganar gefe ita ce ta fi ban sha'awa. A wannan yanki iska kusan shekara guda daga gabas take busowa, ko gabas maso arewa, ta kwaso laima daga saman teku. In ta tarar da tsibiri mai tsauni, dole ta hau. Tana hawa tana sanyi, laimar ta zama gajimare, ruwa ya zube a gefen da ke fuskantar iskar. In ta gangara ɗaya gefen ta riga ta sauke kayanta, sai ta isa a bushe. A Jamaika tsaunin da ya fi tsayi ya kai mita 2,256. Garin Port Antonio da ke gefen iska yana samun ruwa fiye da milimita 3,000 a shekara. Kingston, babban birnin ƙasar, da ke bayan tsaunin, nasa bai kai 1,000 ba, wato kusan daidai da abin da Birnin Kebbi ke samu. Tsakanin garuruwan biyu a miƙe bai kai kilomita 50 ba. A ƙaddara mutum ya tashi daga Birnin Kebbi, kafin ya isa Argungu ya shiga daji irin na Kalaba. Haka abin yake. Tsibiran da ba su da tsauni kuwa, kamar Aruba, ko Sal da Boa Vista a Kabo Berde, gajimare wuce su yake yi, sai ƙaya da ƙeƙasasshiyar ƙasa.

Lokacin ma da nasa tsari. Da hantsi ƙasa kan riga teku ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, ta teku ta kwararo ta cike gurbin. A manyan tsibirai iskar da ta shigo ta gefe-gefe kan haɗu a tsakiya, bayan azahar hadari ya tashi. A Fuwato Riko sanannen abu ne ruwan yamma ya sauka a tsakiyar tsibirin da yammacinsa, alhali gabashi ya sha nasa da dare ko da asuba daga gajimaren da ya taso daga teku. Don haka sanarwa a can ba ta tsayawa ga cewa za a yi ruwa yau. Sai ta ce da safe a gabas, bayan azahar a yamma. Mai shanya da mai gini kowa ya san nasa rabo.

Akwai wata lamba da ke rikita mutane, can da nan: kashi 40 cikin ɗari na ruwa. Na sha jin ana fassara ta da cewa kashi 40 na gari zai jiƙe, ko za a yi ruwa kashi 40 na yini. Ma'anarta a hukumar yanayi ta Amurka, wadda ke kula da Fuwato Riko, ita ce: in ka tsaya wuri guda a yankin, a cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, huɗu ruwa zai same ka, ko da ɗan kaɗan ne da ma'auni zai iya kamawa. Ba ta faɗi yawansa ba, ba ta faɗi daɗewarsa ba. In aka ce kashi 40 ba a yi ruwa ba, ba a yi ƙarya ba. In aka yi, nan ma ba a yi ƙarya ba. Wani zai ce ai wannan wayo ne, kowace ta faɗi sun ci. Amma ana gane gaskiyar mai hasashe ne in an tara kwanaki ɗari da ya ce kashi 40, a ga ko kusan arba'in daga ciki an yi ruwan. Manomin da ke tunanin watsa taki ya san amfanin wannan lissafi ko da bai iya faɗarsa da lamba ba, tunda buhun taki ba abin wasa ba ne.

Sai sashen masunta, wanda ni a ganina ya fi kowane daraja a sanarwarsu. Ana faɗin ƙarfin iska a kan teku da tsayin igiyar ruwa, a ce mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Masuncin da ya san aikinsa ya san lambar nan matsakaicin manyan igiyoyi ce, can ba a rasa guda da za ta kusa ninka ta. In abin ya kai wani mizani sai a fitar da gargaɗi na musamman ga ƙananan jirage. Wani lokaci sama tas, ba iska ba hadari, amma teku ta yi toroƙo a gaɓar arewa, saboda wata guguwar sanyi da aka yi can arewacin Atlantika kwanaki da suka wuce. Hadarin ƙasa ke nan, maganin mai kabido.

Ƙura ma tana cikin sanarwar, kuma tamu ce. A Kabo Berde hazon hunturu kan rufe sama har jiragen sama su kasa sauka, kamar dai yadda ake yi a Kano da Sakkwato. Hazon da muke sha a Disamba da Janairu mafi yawansa daga kwarin Bodele yake, a arewacin Cadi. Wadda ke isa Karibiyan kuwa ƙurar bazara da damina ce, daga saharar Mali da Muritaniya da Aljeriya, tana tafiya a sama can tsakanin kilomita ɗaya da rabi zuwa shida, ta fi yawa daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta. A Barbados tun 1965 ake auna ta. A Yunin 2020 an yi wadda aka daɗe ba a ga irinta ba, rana ta dushe a tsibirai da dama, aka ce masu asma su zauna a ɗaka. Sai dai su ƙurar nan ba gaba ɗaya suke ƙin ta ba, domin busasshiyar iskar da ke ɗauke da ita tana shaƙe hadari tun yana jariri.

To, mu dawo kan hadarin kawu.

Da damina sahara a arewa da mu tana tafasa, kudu kuma wajen teku da sanyi da laima. Wannan bambanci shi ke haifar da wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma a sama, kamar kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, kusan a saitin kanmu ko ɗan arewa kaɗan. Ba a miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi kamar maciji a cikin ruwa. Kowace lanƙwasa ita masana ke kira igiyar iskar gabas ta Afirka, kuma duk kwana uku zuwa biyar sai guda ta wuce ta kan wuri. Manomi ya san wannan a aikace: a marka ruwa kan zo a jere, ya ɗauke kwana biyu ko uku, ya dawo. Wani ɓangare na dalilin ke nan.

A nan sai an yi hattara, don kada a ce na ce hadarin Yawuri shi ne da kansa yake zuwa ya rushe gidaje a Dominika. Hadarinmu mai zuwa da iska a gaba, wanda shi ke kawo mafi yawan ruwan Sahel, yawanci da yamma ake haifarsa a kan tuddai, kamar na Jos ko Azbin ko Darfur, ya yi yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a sa'a, ya mutu cikin yini ɗaya ko biyu. Igiyar ita ce uwa. A hankali take tafiya, kusan rabin gudun 'ya'yanta, suna mutuwa tana haifar wasu, har ta ratsa Burkina Faso da Mali ta faɗa teku ta wajen Senigal ko Gini. Daga nan zuwa Dakar kwana uku ne ko huɗu. Daga Kabo Berde zuwa Barbados, wanda shi ne na farko a gabashin Karibiyan, kusan kilomita 4,000 ne, tafiyar kamar kwana shida. A haɗe, kwana goma ko kusa da haka.

Irin waɗannan igiyoyi kusan 60 ke fita daga Afirka a shekara, kuma galibinsu ba sa zama komai. In sun isa tsibirai sai a ce gobe da jibi za a samu ƙarin gajimare da tsawa, shi ke nan. Kafin guda ta zama guguwa sai abubuwa sun dace mata. Sai ruwan teku ya kai ɗumin digiri 26 da rabi, kuma ba a fuska kawai ba, har ƙasa-ƙasa. Sai iskar da ke kewaye da ita tana da laima. Sai iskar sama da ta ƙasa ba sa ja-in-ja, domin in ta sama ta fi ƙarfi ko ta saɓa hanya, sare kan hadarin take yi kafin ya miƙe. Shi ya sa a shekarun El Nino, wato shekarun da ruwan gabashin tekun Fasifik ke yin ɗumi fiye da yadda ya saba, guguwar Atlantika kan ragu. Sannan sai ta yi nesa da layin da ya raba duniya arewa da kudu da kamar kilomita 500, don juyawar ƙasa ta samu damar murɗa ta. In duk sun haɗu, sai ta fara juyi tana zuƙar ɗumin teku kamar injin ban ruwa. A matsakaicin shekara ana samun 14 da suka kai a raɗa musu suna, bakwai su zama mahaukaciyar guguwa, uku su zama manya. Daga cikin manyan nan, kusan kashi 85 cikin ɗari asalinsu igiyar Afirka ce. Wato mafi muninsu ta kanmu suka bi.

Raɗin sunan ba rago ba goro. Da zarar iskar ta kai kilomita 63 a sa'a sai a ɗauko suna na gaba daga jerin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta tanada. Jeri shida ne ana juya su, wadda ta yi mummunar ɓarna kuma a cire sunanta har abada. In ta kai kilomita 119 ta zama mahaukaciya, mataki na ɗaya. Daga 178 mataki na uku, daga 252 mataki na biyar, wanda babu na sama da shi.

Masu gadin wannan hanya suna Mayami, a cibiyar lura da guguwa ta Amurka. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Nuwamba, sau huɗu a rana suke fitar da bayani, wanda a agogonmu yawanci yakan faɗo bakwai na safe, ɗaya na rana, bakwai na yamma da ɗaya na dare. Taswira ce ta teku, an sa alama a duk inda ake zargi. Ruwan ɗorawa na nufin yiwuwar ta zama guguwa ba ta kai kashi 40 ba, ruwan lemo 40 zuwa 60, ja kuma sama da haka. Lamba biyu ake bayarwa, ta kwana biyu da ta kwana bakwai. Kafin 2023 iyakarta kwana biyar. Abin da ya fi burge ni shi ne wani lokaci alamar takan bayyana tun igiyar tana kan ƙasar Afirka ba ta taɓa teku ba. Na sha ganin haka a waya a watan Agusta, in tuna ruwan da muka sha shekaranjiya.

In guguwar ta kankama sai a fitar da wani zane mai kama da mazurari, siriri a inda take, yana buɗewa zuwa kwana biyar gaba. Wannan zane ya yaudari mutane da yawa. Ba girman guguwar yake nunawa ba, ba kuma iyakar ɓarnarta ba. Hanyar da cibiyarta za ta iya bi ce, an auna faɗinsa da kurakuran da aka yi a shekaru biyar na baya, yadda sau biyu cikin uku cibiyar kan tsaya a ciki. Sau ɗaya cikin uku ke nan tana fita. Ga ƙasa mai faɗi, kuskuren kilomita 80 na nufin wannan gari maimakon wancan. Ga tsibirin da tsawonsa duka bai kai kilomita 50 ba, kamar Dominika, shi ne bambancin a kwana lafiya da a wayi gari ba rufi. Shi ya sa ake da gargaɗi hawa biyu: na a zauna da shiri, sa'o'i 48 kafin iska ta fara, da na ga ta nan tafe, sa'o'i 36. Tsakaninsu ake toshe tagogi, a janye jirage tudu, a tara ruwan sha, a buɗe makarantu don masu neman mafaka.

Hasashen hanya ya inganta ƙwarai a shekarun nan, da taimakon taurarin ɗan'adam da manyan kwamfutoci da jiragen sama da ke kutsawa cikin guguwar suna jefa na'urorin awo. Hasashen ƙarfi shi ne har yanzu yake ba da wahala. Ranar 18 ga Satumban 2017 guguwar Mariya ta tashi daga mataki na ɗaya zuwa na biyar cikin ƙasa da sa'o'i 24, ta afka wa Dominika da dare. Mutanen da suka yi shirin baƙo ƙarami sai ga babba. Asarar da aka ƙiyasta ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu. Bayan kwana biyu ta shiga Fuwato Riko, inda daga baya hukuma ta amince da cewa mutum 2,975 suka rasu a dalilinta, akasari a watannin da suka biyo baya na rashin wuta da magani. A 2024 kuma guguwar Beryl ta daki tsibirin Carriacou da ke Karibiyan ranar 1 ga Yuli, ta kai mataki na biyar da wuri fiye da kowace guguwa da aka taɓa rubutawa a Atlantika, a lokacin da bisa al'ada ba a fara tsoro ba. Teku ce ta yi ɗumin da ba ta saba yi ba sai Satumba. Kabo Berde kuwa, duk da ana kiran irin waɗannan guguwoyi da sunanta, yawanci wuce ta suke yi suna ƙanana; Fred da ta ratsa tsibiran a ƙarshen Agustan 2015 ita ce mahaukaciya ta farko da ta yi haka tun 1892.

Amma darasin da ya fi kusa da mu na guguwar Erika ne. Ita ko matakin mahaukaciya ba ta kai ba, kuma cibiyarta ba ta bi ta kan Dominika ba. Ranar 27 ga Agustan 2015 ta zubar da ruwa fiye da milimita 300 cikin sa'o'i 12 a wani sashe na tsibirin, tsaunuka suka zaftare, mutum kusan 30 suka mutu, aka tashi ƙauye guda ɗungurungum. Lambar mataki iska kawai take aunawa, ruwa kuwa shi ya fi kisa.

Mu ma a Kebbi mutanen gaban wasu ne. Ambaliyar da ta cinye shinkafar fadamun Argungu da Augie da Suru a 2020 ba ruwan da ya sauka a kan gonakin kaɗai ba ne. Ruwan Zamfara da Katsina da Nijar ne ya biyo gulbin Rima da na Sakkwato. Neja ma sau biyu take cika a wajenmu: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu, wanda tun watanni ya sauka a tsaunukan Gini ya biyo ta Mali. Masunta sun san shi sarai. Alaƙar ta wuce nan ma. A 1990 wani masani na jami'ar jihar Kolorado, William Gray, ya nuna cewa a shekarun da yammacin Sahel ya samu damina mai albarka manyan guguwoyi sun fi yawa, a shekarun farin 1970 zuwa 1980 da wani abu kuma sun ragu. Lokacin da iyayenmu ke sayar da shanu a wulaƙance, tsibirai suna hutawa. Ba wai ɗayan ke jawo ɗayan kai tsaye ba, ɗumin tekun da ke tsakaninmu ne ke taɓa mu duka.

Wani dattijo ya taɓa tare ni bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, wanga aiki naku ba shiga gaibu ba na?" Na ce, "Baba, in ka hango ƙura a hanyar Jega ka ce mota na tafe, gaibu ka faɗa?" Ya yi dariya. Mai hasashe abin da ya riga ya taso yake gani, ya auna gudunsa, ya ce in Allah ya so zai iso ƙarfe kaza. Tana iya lalacewa a hanya.

A nan ne nake ganin muna da abin ɗauka. Ba kayan aiki muka rasa gaba ɗaya ba. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen kwana uku da na damina duka a farkon shekara, a Yamai kuma, nan kusa da mu, akwai cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET. Gaskiya ne cewa tashoshin da ke sakin balan-balan na awon sama ba su da yawa a Afirka ta Yamma, kuma manyan kwamfutocin duniya sun fi rauni wajen faɗin ruwan gobe a Sahel fiye da na Turai, domin hadarinmu farat ɗaya yake tashi. Wannan rauni har masu Mayami yana shafa, tunda farkon labarinsu a nan yake. Ba banza ba a 1974 ƙasashe da dama suka tara jiragen ruwa kusan 40 da sansani a Dakar don nazarin wannan sama tamu. Amma akwai abin da ba ya bukatar dogon lissafi. Tauraron Meteosat yana ɗaukar hoton Afirka duk minti 10 zuwa 15. Hadarin da aka gani a kan Gusau da azahar ya nufi yamma, tazararsa da Birnin Kebbi a miƙe kamar kilomita 270 ce, wato sa'a biyar. Sa'a biyar ta ishi mai shanyar shinkafa ya naɗe tamfol, ta ishi mai feshi ya fasa ɓarnar magani, ta ishi matuƙin jirgi ya ce yau ba za a ƙetare da yamma ba.

Abin da tsibirai suka fi mu shi ne sanarwar tasu da mutum take magana. Ta san gefensa, ta san sa'arsa, ta san girman jirginsa. Mu kuwa in an ce ana sa ran tsawa a wasu sassan Kebbi, mutumin Kangiwa da na Zuru kowa sai ya ɗauka da ɗan'uwansa ake, alhali damina kan riga sauka a Zuru da makonni. Kuma muna da namu mutanen tsibiri. Gungawa sunansu ma daga gungu ya samo asali, kuma ko da madatsar Kainji ta 1968 ta nutsar da gungu da yawa, tafkin da ta bari yana da faɗin da iskar gaban hadari ke tayar da igiyar da za ta kifar da jirgin da ya yi lodi. Ranar kasuwa jirage cike suke komawa da yamma, daidai lokacin da hadari ya fi tashi. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, a rediyo ko a WhatsApp na ƙungiyar matuƙa, mai cewa hadari ya baro wuri kaza, ana sa ran iskarsa a kan ruwa tsakanin la'asar da magariba, ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba. Idon kawu yana gani ne iyakar inda sama ta haɗu da ƙasa, abin da bai fi ya ba shi rabin sa'a ko sa'a guda ba.

Da na koma Yawuri bayan mako biyu na nuna masa hoton a waya, wani farin dunƙule mai rami a tsakiya yana juyi a kan shuɗin ruwa, da 'yan ɗige-ɗigen ƙasa a gabansa. Na ce ɗige-ɗigen nan garuruwa ne da mutane a ciki. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To su suna da tudun da za su ja jirage?" Na ce wasu suna da shi. Na ba shi labarin Barbuda, wani tsibiri a Karibiyan, wadda tudunta mafi tsayi bai kai mita 50 ba, yadda bayan guguwar Irma a Satumban 2017 aka kwashe mutanenta kaf, kusan 1,800, zuwa tsibirin Antigua da ke maƙwabtaka da ita. Ya miƙo mini wayar, ya ce Allah ya kyauta, ya tambaye ni ko tana nuna abin da ke bisa Kontagora yanzu, don yaransa biyu suna kan ruwa.